Muryata a Kasuwar Agyaragu

Sana'ata sayar da irin shuka ce: masara, riɗi, agushi, kuɓewa, alayyahu, har da tumatir da tattasai na 'yan lambu. A wurin mahaifina na gaje ta, tare da kwanon awo da bakin talla. Kwanon ya huje tuntuni. Bakin kuwa shi ya ciyar da ni da iyalina shekara da shekaru a kasuwar Lafiya da ta Kwandere da ta Agyaragu. Duk wanda ya saba cin kasuwannin nan a farkon damina ya san muryata, ko da bai riƙe fuskata ba. Ba yabon kai ba, in na ɗaga murya daga layin 'yan hatsi, masu doya da ke can bakin titi sai sun waiwayo.

Tallar tawa ba doguwa ba ce. "Iri mai fita! Iri mai fita! In bai fita ba, ka dawo ka kama ni!" Sai in bi ta da gaisuwa guntu-guntu da yaren Alago da Eggon da Tibi, wadda matan ƙauye ke ƙyalƙyala wa dariya saboda yadda nake murɗe ta. Gaisuwar ce wasa, alkawarin ba wasa ba ne. Ban taɓa kai iri kasuwa ba sai na ɗebi kaɗan daga kowane buhu, na naɗe a jiƙaƙƙen tsumma, na ajiye a bayan randa. In ya tsiro duka, ya tafi kasuwa. In ya fito jefi-jefi, kajin matata sun samu abinci. Haka mahaifina ya yi, haka na yi, shi ya sa ba a taɓa dawowa an kama ni ba.

'Yan shekarun baya ne maƙogwarona ya fara gazawa. Da farko sai azahar muryar ke dishewa, daga baya tun hantsi. Na sha zuma, na tauna citta da kanumfari har harshena ya mutu, ba wani sauƙi. Da na je asibiti likita ya leƙa ya ce in ina son in ci gaba da yi wa iyalina magana, to in daina ihu a kasuwa, in ba haka ba wata rana zan buɗe baki iska kawai ta fito. Na dawo gida raina a ɓace. Mai iri da ba ya talla, me ya rage masa? Abin da na fara yi shi ne na daina zuwa Agyaragu, domin ita ta fi hayaniya, ita ta fi cin murya.

A nan ɗan kawuna ya shigo maganar. Taubashina ne, kusan sa'annin juna muke, a tsakar gida ɗaya muka yi rarrafe. Shi ɗan namiji ne, ni ɗan mace, don haka tun muna yara "bawana" yake kirana, ni kuma in kira shi "gajeren ɓarawo". Kowace sallah sai ya fizge hulata ya ruga, in bi shi da zagi, mutanen gida suna dariya. In ya shigo ya tarar da nama a kwanona, nasa ne. In na ga sabon takalmi a ƙofar ɗakinsa, na sa na tafi. A gidanmu ba a fushi da taubashi, wanda ya yi fushi shi ake yi wa dariya. Mutum ne mai saurin hannu da saurin baki, ya taɓa sana'o'i da yawa: takalman roba, cajar waya, maganin ɓera, gwanjo. Ba wadda ya daɗe a cikinta. Amma ina son sa, wannan ba zan ɓoye ba. In ya shigo gida sai gidan ya yi daɗi.

Shi ya ce min, "Bawana, kai har yanzu a zamanin kakanni kake. Ba ka ga masu maganin gargajiya da masu fiya wata ba? Wa ke ihu yanzu? Sifika ake saya, a ɗauki muryarka sau ɗaya, ta yi ta yi maka talla kana zaune kana shan kunu."

Na ce na gan su, kuma yawancinsu ƙara ce kawai, ba a jin abin da suke faɗa.

Ya ce, "Don ba su iya zaɓe ba ne. Tashi mu je, ubangidanka zai zaɓa maka."

Muka hau keke muka nufi layin masu kayan waya. Shagon da ya kai ni ɗan ƙarami ne, amma sifiku a jere tun daga ƙasa har rufi, irin ƙananan nan da yara ke kira empi. Wata kamar gwangwanin madara, wata kamar bulo, wata da fitilu masu canja launi. Mai shagon ya gan ni da furfura ya ɗauko wata ƙatuwa mai hannu ya kunna. Wata mata a ciki ta yi wani Turanci ta hanci, sai kiɗa ya tashi har kwalayen kan kanta suna rawa.

"Oga, ka ji bes? Wannan orijina ne. In ka kunna shi a Lafiya, Kwandere za su ji."

Ni kam har na fara gyaɗa kai, don a tunanina ƙara ake nema. Ɗan kawuna ya ture ta gefe. Ya ce wa mai shagon, "Ba biki za mu yi ba. Magana za ta yi, ba kiɗa ba. Wannan gum-gum ɗin shi ke cinye kalma." Ya sa aka sauko da guda huɗu ko biyar, ya haɗa kowace da wayarsa ta bulutut, ya saka mata labaran rediyo maimakon waƙa. Nan na ji bambanci da kunnena. A wata mai labaran kamar yana cikin rijiya, a wata kamar yana mura, a wata kuma kamar yana tsaye a gabanka. Mai fitilun ya ce a mayar, wai fitila batir take sha ba gaira ba dalili, kuma yara za ta tara min, ba manoma ba.

Bai tsaya nan ba. Ya ce gwaji a cikin shago yaudara ce, bango ke taimakon sauti. Ya ɗauki biyun da suka rage ya tsallaka titi, ya tsaya can gefen masu lemo, keke da babura suna ta wucewa a tsakaninmu, ya kunna su ɗaya bayan ɗaya yana yi min alama da hannu. Ta farkon na ji ƙara kawai. Ta biyun, wata baƙa mai jikin roba da igiyar ratayewa, kowace kalma ta iso kunnena. Na ɗaga masa hannu.

Saura maganar ruwa da caji, tunda sana'ata ta damina ce kuma ba wuta a rumfar kasuwa. Mai shagon ya nuna min wani murfin roba da ke toshe ramukan cajin, ya fasa fiya wata da haƙori ya kwarara mata, ita kuwa ko tari ba ta yi ba. Ya rantse cajinta zai kai ni daga safe har magariba in ban ƙure ta ba. A wannan bai yi ƙarya ba.

Abu na ƙarshe da ɗan kawuna ya nace a kai shi ne ramin memori. Ni na ce wayata ta isa. Ya ce, "Kana tsaka da talla matarka ta kira ta ce a sayo daddawa, duk kasuwa ta ji? A sa muryar a memori, ka cusa, ka manta da waya." Muka yi dariya har da mai shagon. Na fito da sifikata a leda ina jin kamar an cire min ƙaya. A cikin keke na ce masa, "Gajeren ɓarawo, yau dai ka yi abin kirki." Ya ce, "Dole in kula da kayana. Kai da muryarka duk nawa ne." Na tsinka masa zagi, muka ci gaba da dariya.

Sai da na hutar da maƙogwarona kwana da kwanaki, ina magana da hannu kamar kurma, kafin mu ɗauki tallar. Da safe muka yi, a ɗakin ajiyar iri, don buhuna suna shanye amsa-kuwwa. Da wayarsa aka ɗauka, tunda ta fi tawa kyau. Ranar Allah ya ba ni aron muryata ta da. Ta fito tas, da kaurinta da zaƙinta, har gaisuwar Tibin ta zauna daidai. Da ya kunna min na ji, sai da idona ya kawo ruwa. Ya zuba min a memori ya cusa a sifika. Ban ce ya goge ta wayarsa ba. Ko a mafarki tunanin bai zo min ba.

Daminar farko lafiya lau. Ina rataye ta a ƙusar rumfa, tana kira, ni ina awo. Ruwa ya dake ta a Kwandere, ta faɗo ƙasa a Lafiya wani mai baro ya taka ta, ba abin da ya same ta. Tsofaffin abokan cinikina suna tsokanata wai na yi ɗa mai irin muryata. Ita kuwa muryar tawa ta gaske sai ƙara lalacewa take yi duk da hutun, har ta koma kamar ana jan buhu a kan siminti. Ban damu sosai ba, tunda ina da ta ajiya.

A damina ta biyu, bayan shukar farko ta yi nisa, ina zaune a rumfata a Lafiya sai ga wata mata ta tsaya a kaina. Na san ta. Manomiya ce daga wani ƙauye bayan Agyaragu, mijinta ya rasu, ta daɗe tana sayen irin masara a hannuna lokacin da nake zuwa can. Na yi mata sannu. Ta kwance bakin zaninta ta zazzage min ƙasa a kan tirena. A cikin ƙasar akwai ƙwayoyin masara, sun kumbura sun ruɓe, ko ɗaya bai fasa ba.

Ta ce, "Kai ka ce in bai fita ba a zo a kama ka. To na zo."

Na ce, "Mama, rabona da Agyaragu ai an daɗe. Ba a wurina kika saya ba."

Ta nuna sifikar da ke rataye tana ta kira a bayana. "Wannan ba muryanka ba ne? Shi na ji. Na je, na ga wani gajere, ya ce kai yayanshi ne, ba ka da lafiya, kai ka aiko shi. Ni ban san karatu ba, Baba. Murya na sani."

Ta ce ba ita kaɗai ba ce, mutanen ƙauyensu da yawa sun saya. Ta share gona, ta ɗauki 'yan ƙwadago, ta shuka, ta jira, ta sake jira tana cewa ko ruwa ne bai isa ba, tunda irin Baba ba ya ƙin fita. Kafin ta haƙura ta tona, gonakin maƙwabta masara ta kai gwiwa. Masarar farkon nan ita ce abincin yaranta kafin doya ta nuna.

Na miƙa hannu na kashe sifikar. Da ta ce "gajere" na riga na sani, amma zuciyata ta yi ta kawo masa uzuri har na isa gida.

Ranar kasuwar Agyaragu na shiga mota ban gaya wa kowa ba. Tun kafin direba ya gama tsayawa na ji ta. "Iri mai fita! Iri mai fita!" Muryata, ta ranar nan mai kyau, tana tashi daga layin da na saba zama. Ban san yadda zan kwatanta abin da na ji ba. Na bi sautin ina ratsa mutane, ina jin kaina ina gaishe da matan Eggon, ina yi musu alkawari, alhali bakina a rufe.

Ɗan kawuna ne zaune a kan benci, buhuna a gabansa, sifika baƙa mai jikin roba a rataye a kansa, irin tawa sak. Na zura hannu a buhun masarar. Tsohon iri ne na bara ko na bara waccan, wanda manyan 'yan kasuwa ke neman kai da shi, an gauraya shi da jar hoda don ya yi kama da mai magani. Na fasa ƙwaya ɗaya da haƙori, cikinta gari ne.

Da ya gan ni ya ɗan razana, sai kuma ya saki dariyar nan tasa. "A'a! Bawana! Ka zo duba yadda ake kula maka da kasuwa?"

Na ce, "Kashe ta." Muryar ba ta fita ba, sifikar ta danne ta. Na sake cewa, bai ji ba, ko ya yi kamar bai ji ba. Ni da ake ji daga bakin titi, na tsaya a gabansa ina motsa baki, muryata ta da tana yi masa talla a kaina. Sai da na fizgo ta daga ƙusar na danna da kaina.

Ya ce, "Haba, mene ne abin zafi? Kai ka bar Agyaragu, muryar tana zaune a waya ba ta aikin komai. Hularka nawa na ɗauka ba ka ce komai ba?"

Na ce, "Hula ba ta yi wa kowa alkawari."

Ya ce iri ai sa'a ne, wani ya fita wani ya ƙi, shi ma sayowa ya yi. Na tambaye shi ko ya taɓa naɗe ko ƙwaya goma a tsumma ya gani. Ya san tsumman, tun muna yara shi ke leƙa bayan randa yana tsinke tsiron, ana dukanmu tare. Ya kau da kai ya ce mutane na kallonmu, mu bari sai a gida.

A gida aka kai maganar gaban kawu, mahaifinsa, wanda shi ne babbanmu tun bayan rasuwar iyayena. Na je da tsammanin za a yi shari'a. Kawu ya saurare ni da kyar, yana kara kunne saboda muryata, ya yi wa ɗansa faɗa sama-sama, ya sa shi ya goge abin daga waya a gabanmu. Sannan ya juyo gare ni.

"To shi ke nan, ɗana. Ka san wasanku ne, ya dai wuce gona da iri. A gidan nan ba a taɓa jin an riƙe taubashi a zuci ba, kada a fara a kanka. Ku gaisa."

Na ce, "Kawu, matar da yaranta za su kwana da yunwa fa, ita ma taubashiyarsa ce?"

Ya ce kada in yi masa rashin kunya. Matan gida suka sa baki, wata ma har da ƙoƙarin mayar da abin raha, wai bawa ya kawo ƙarar ubangidansa. Aka yi 'yar dariya. Wallahi dariyar nan ta fi abin da ya faru a Agyaragu ƙona min rai. Al'adar da na tashi ina jin daɗinta, ita aka ɗauko aka rufe min baki da ita. Na miƙa masa hannu don kawu, na tashi na fita.

Na bi ƙauyen matar da buhunan riɗi da wake, tunda lokacin masarar farko ya wuce, na raba wa duk wanda ya ce ya saya. Wasu suka karɓa suka yi godiya. Wasu suka karɓa suka juya. Wani dattijo ya ƙi karɓa sam, ya ce an cuce shi da muryata sau ɗaya, ba zai tsaya a cuce shi da fuskata ba. Ban ga laifinsa ba.

Na ɗauka abin zai tsaya a Agyaragu. Ashe labari ya riga ni zuwa ko'ina, kuma labarin bai ɗauki sunan ɗan kawuna ba, tunda ba wanda ya san shi. Abin da aka sani shi ne "mai iri mai fita". Ranar kasuwar Kwandere na rataye sifikata na kunna, ina kallo wasu mata biyu suka nufo ni, ɗayar ta tsaya ta kasa kunne, ta ja hannun 'yar'uwarta ta ce, "Wannan murya ne fa," suka juya. A Lafiya ma wani ɗan acaɓa ya wuce yana kwaikwayona, "In bai fita ba ka kama iska!" Ranar na zare memorin na jefa a aljihu.

Na gwada ɗaukar sabuwar talla da wasu kalmomi daban. Matata ta riƙe min wayar. Da muka kunna muka saurara, ba wanda ya kalli wani a cikinmu. Ba murya ba ce, huci ne da kakari. Mai kyan guda ɗaya ce, na ba ɗan kawuna ya ɗauka da hannunsa, ya je ya kashe min ita a kasuwa.

Da sallah ta zo ya shigo gidana kamar yadda ya saba, ya lallaɓo ta baya ya fizge hulata, ya ja da baya yana jiran zagi. Na ce, "Sannu da zuwa, Malam. An yi sallah lafiya?" Na sa aka kawo masa tabarma da ruwa, irin na baƙo. Ya daɗe a tsaye da hular a hannu, sannan ya ajiye ta a kan kujera a hankali. Bai sake kirana bawansa ba, ni ma ban sake kiransa ɓarawo ba, tunda yanzu in na faɗa ba wasa ba ne.

Sifikar tana nan, ba abin da ya same ta. Zaɓen ya yi kyau, wannan ba zan hana shi ba. Matata ke jin karatu da ita in tana wanki. Ni kuma yanzu tsumman nake kaiwa kasuwa. Ina shimfiɗa shi a kan tire a gaban kowane buhu, da tsironsa fari-fari, mai saye ya gani da idonsa. Ciniki ya ragu ƙwarai, domin tsumma ba ya kiran na nesa.

A farkon daminar bana manomiyar nan ta dawo. Ta tsaya ta daɗe tana kallon tiren, ta tsinki tsiro ɗaya ta duba saiwarsa, ta sa na auna mata masara daga buhun da ta nuna da kanta. Tana ɗaure ledar ta ɗaga kai ta dubi ƙusar da babu komai a jikinta.

Ta ce, "Baba, kar ka sake kunna wannan abu."

Na ce mata ba zan sake ba. Ba ta ji ni ba, sai da ta sunkuyo ta kawo kunnenta kusa da bakina na maimaita.